Bahon Malam Garba Ina-Zai-Je

Duk wanda ya zauna da Malam Garba, mijin yayata Hajo, ya san ba a zubar da ruwa a gabansa a zauna lafiya. Ko ruwan wanke hannu ka watsar bayan cin tuwo, sai ya bi shi da ido har ya ga inda ya tsaya, sannan ya juyo ya dube ka ya ce, "To, ina zai je?" Ba da faɗa yake yi ba. A hankali yake tambaya, yana jiran amsa da gaske, kuma abin da ke ƙona mini rai ke nan. Da tsawa yake yi, da na rama.

Ku da kuka tashi a unguwarmu a Ikara kun san sunan da yara ke kiransa da shi a bayan ido, wato Ina-Zai-Je. Liman ma bai tsira ba. Wata rana yana alwala a gindin katangar masallaci, Malam Garba ya tsuguna kusa da shi, ya jira har ya gama wanke ƙafar hagu, sannan ya ce, "Allah gafarta Malam, alwala ta yi kyau. Sai dai katangar nan da ƙasa aka gina ta, kuma kullum kana shayar da ita."

Liman ya ce, "Garba, bari in yi salla tukuna."

Ya ce, "Yi abinka, ita ma ai ba yau za ta faɗi ba."

Washegari Liman ya tarar an kafa masa dutsen alwala nesa da katanga, an ja wa ruwan 'yar hanya zuwa gindin durumi. A kan dutsen nan ya ci gaba da alwala har tsufa ya cim masa.

A Zariya ya samo wannan ɗabi'a. Can ya ƙare ƙuruciyarsa yana gyaran famfo a gidajen Turawa. Shekarar da aka sami mulkin kai ya dawo gida da akwatin sifanoni, ya kama noman dawa. Ni tela ne, kuma ƙanin matarsa, saboda haka ina da izinin tsokana. Nakan ce masa, "Malam, mai gyaran famfo a garin da kowa guga yake ja, ai ka huta." Yakan ce, "Sule, kawo ruwa ba wuya, ko jaki ya iya. Fitar da shi ne aiki."

A lokacin nan Yaya Hajo ba ta da lafiya. Sanyin ƙashi ya kama ta daga ƙugu har idon sawu, tun damina ba ta fita ko ƙofar gida ba. Tsugunawa ta yi wanka da ƙwarya ya zamar mata azaba, ina jin nishinta daga zaure in na je gaishe ta. Malamin asibiti ya ce babu abin da zai sassauta mata kamar ta riƙa zama cikin ruwan zafi har ƙugu, safe da yamma. To a cikin me? Babban daron da ke gidan ko gwiwarta ba zai rufe ba. Akwai kuma wani abu da ba mu cika faɗa ba a danginmu, amma sai da shi za ku gane sauran labarin. Yaya ta haihu sau uku, ba wanda ya kai yaye. Daga na ukun ba ta sake ba, har aka daina sa rai.

Malam Garba bai ce wa kowa komai ba, ya tafi Zariya. Ran kasuwar Maƙarfi ina rumfata da 'yan rigunan da na kai, sai na ga mutane suna nuna wata motar kaya da ke shigowa. A can ƙololuwa, bisa buhuna, ga wani farin abu mai kama da kwalekwale, ga mijin yayata zaune a ciki ya miƙe ƙafa, hannuwansa a kan gefe biyu. Yana sauka karen mota ya tare shi da maganar kuɗin kaya.

Ya ce, "Wane kaya?"

"Wannan ƙarfen da ya kusa karya mana mota."

"Wannan wurin zamana ne. Na biya kuɗin zama, na zauna. Ka taɓa jin an biya wa benci kuɗin mota?"

Aka yi ta ja har direba ya gaji, ya ce a sauke masa abinsa ya tafi can da halinsa. Motar mazarƙwaila ce ta ƙarasa da mu Ikara, shi yana cikin abinsa, ni ina gefe ina ɓoye fuska.

Bahon wanka ne irin na Turawa, na baƙin ƙarfe, cikinsa fari tas. Ba a jingina shi da bango, a kan ƙafafunsa yake tsayawa, ƙafafun kuma an yi su da dagi kamar na kyanwa. Wani Bature da yake haɗa kayansa zai koma ƙasarsu ya yar da shi a bayan gida saboda ƙafa ɗaya ta karye. Malam Garba ya tokare wajen da tsohon dutsen niƙa, ya ce ai dutsen ma ya fi ƙafar ƙarfi. Gari ya zo kallo. Wani Bafulatani ya taya don shayar da shanu. Da aka tambayi Malam Garba ko shi zai riƙa shiga, sai ya ɓata rai ya ce, "Allah ya kiyaye. Mutum ya wanke dauɗarsa, sannan ya zauna a cikinta? Shekara da shekaru ina gyara musu, ban taɓa gane wannan ba. Ita dai lalura ce ta sa."

Cika bahon ba matsala, tulu kaɗan ne. Amma ƙarti huɗu da ƙyar suke ɗaga shi babu komai a ciki, balle a ce za a karkata shi a zubar. Dole ruwan ya fita ta hudar da ke gindinsa, nan kuwa aka zo fagen Malam Garba. Ya kafa bahon a tsakiyar makewayi, ya ɗora shi a kan faffaɗan duwatsu don bututu ya sami gangare. Ya fito da guntayen bututun da ya tsinto a bariki, yana naɗa zaren rama a bakin kowanne, ya shafe da kitse, sannan ya ɗaure da sifana. Akwai wata huda ta biyu a sama, kusa da baki, ita ma ya ja mata bututu ya haɗa da na ƙasa. Na ce wannan fa ta mece ce? Ya ce, "Ta masu mantuwa ce irinka, waɗanda za su yi ta zuba ruwa suna surutu."

Abu ɗaya ya rage, wani guntun bututu da yake so a lanƙwasa masa ya yi ciki ƙasa sannan ya sake tasowa. Maƙerin Ikara ya yi masa dariya, shi kuwa ya yi fushi ya ɗauki bututunsa har Hunƙuyi wajen wani tsohon abokinsa, ya ja ni rakiya. Shi ma wannan maƙerin ya juya abin a hannu ya ce, "Garba, kowa miƙaƙƙe yake nema, kai ka kawo mini miƙaƙƙe in karkata maka?"

"Cika shi da yashi kafin ka gasa, kada ya tsuke."

"Ai ruwa zai kwanta a gwiwar."

"Shi nake so. Ɗan ruwan da ya kwanta shi ne mai gadi. Wari ba zai dawo ba, kunama ba za ta hawo ba."

"To mai gadin wa ke biyansa?"

"Kullum ana sallamarsa a kawo sabo."

Ranar da ya gama haɗawa na ce yau zan rama. Na harɗe hannu na ce, "To, Malam, ina zai je?" Ai kuwa kamar jira yake. Ya kama hannuna ya bi da ni daga gindin baho zuwa rariyar makewayi, muka zagaya waje, ya nuna mini yadda ya jera duwatsu don kada ruwan ya taɓa katangar maƙwabci, muka bi kwata har kududdufin bayan unguwa. Ban sami inda zan kama shi ba, na dawo da haushina.

Yaya ta fara shiga bahon. Ita ta ce a riƙa tafasa ruwan da ganyen tsamiya, don tana jin daɗinsa a jiki. Cikin 'yan kwanaki ta fara barci, ta fara takowa tsakar gida da sanda. Safe da yamma ana zare toshiya, ruwa ya fita ta rariya yana tururi, da ganyen tsamiya a kansa.

Na san wasunku sun riga sun gano. Mu kam ba mu gano ba. Ni namiji ne marar lura, shi kuwa Malam Garba ya daɗe a unguwar Turawa, inda ba wanda yake duba rariyar wani. Amma a Ikara, macen da ta ga ruwan zafi da ganyen tsamiya suna fita daga gida safe da yamma, ba sai an aiko mata ba, ta san wankan jego ake yi. Ga Yaya an daɗe ba a gan ta ba. Sai magana ta zagaya cewa ashe ciwon ƙafa dabara ce, ciki aka ɓoye saboda abin da ya faru a baya, kuma Allah ya sauke ta lafiya.

Ina gidan da hantsi ran da suka zo. Guɗa muka fara ji daga zaure. Mata suka shigo, wata da ƙwaryar kunun kanwa, wata da sabulu, wata da ɗan zanen goyo. A gabansu Iya Tabawa ungozoma ce, ta sha kunu, tana cewa, "Ina son in ga wadda ta yanke cibi a unguwata ban sani ba." A waje kuma wanzami ya tsare Malam Garba yana yi masa barka, yana tambayar ranar suna, shi kuwa yana cewa, "Sunan wa?"

Yaya tana zaune a tabarma ta miƙe ƙafafu. Wata ta durƙusa ta ce, "Barka da arziki, Hajo. Me aka samu?"

Ta dubi kunun, ta dubi zanen goyon. Ta ce, "Ba abin da aka samu. Ƙafafuna ne."

Iya Tabawa, wadda ita ta karɓi duka ukun da suka koma, ta zauna daɓas a ƙasa ta rufe fuska da mayafi. Ba mugunta ta kawo su ba, murna suka zo taya ta da zuciya ɗaya, kuma wannan ne ya sa abin ya fi ciwo. Suka fita ɗaya bayan ɗaya. Mai zanen goyon ta rasa yadda za ta yi da shi, ta cusa a hammata.

Da Malam Garba ya shigo, Yaya ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Malam, a fitar mini da abin nan daga gida. Ciwon ƙafa na iya da shi."

Ya juya ya fita. Da yamma muna zaune a ƙofar gida, wani ya kuskure baki ya watsar da sauran ruwan buta a gabansa, daidai gindin katanga. Na jira tambaya, ba ta zo ba. A nan na tsorata, don ban taɓa ganinsa haka ba.

Bahon bai fita ba, Yaya kuma ba ta sake kallon inda yake ba. Ƙafafun suka koma yadda suke, har suka fi. Sanda ta daina amfani, sai an ɗauko ta a fito da ita rana. Na yi mata magana, innarmu ta yi, Iya Tabawa ta dawo ta ba da haƙuri har da hawaye. Ta ce ita ba fushi take da kowa ba, amma ruwan jikinta ba zai sake fita titi a karanta shi ba.

Shi kuwa Malam Garba sai aka ga ya shiga wata sabuwar sana'a. Ya ɗauki buhu yana bi gida gida, ya yi sallama ya ce, "Ko akwai tukunyar da ta fashe?" Mutane suka ce abin ya taɓa shi. Wata mata ta leƙo ta ce, "Yau babu, Malam, amma ka dawo gobe, zan aiki 'yata rijiya." Da ya ji labarin wata mai ginin tukwane a Kurmin Kogi gashin tukwanenta ya lalace, duk sun tarwatse a wuta, sai ya ari jaki ya tafi jaje. Wanda ya raka shi ya ce da ƙyar ya iya ɓoye fara'arsa har aka gama addu'a, sannan ya ce, "To, su fasassun, ina za su je?"

Rami ya haƙa a cikin gida, can kusurwar da ta fi nisa da rijiya, ya bar tazara tsakaninsa da katanga. Ya yi zurfin da in ya shiga sai dai ka ga ƙasa tana fitowa. Na ce a kira masu haƙar rijiya, ya ce shi ya ɓata, shi zai gyara. Ya jera manyan duwatsu a ƙasa, ya bi da marmara, ya cika da tsingaron tukwanen nan. Ya kwance bututun daga rariya, ya juya shi, ya binne shi a ƙasa yana gwada gangaren da ruwan buta taki bayan taki, har bakinsa ya shiga ramin. Ya rufe da azara, ya mayar da ƙasa ya daɓe. Daga ƙarshe ya kwaɓa laka ya toshe rariyar makewayi da hannunsa, ya shafe ta har ba a gane an taɓa yin huda a wurin.

Ya zaɓi ranar kasuwa, lokacin da lungun gidan ya fi cika da mutane. Ya tafasa ruwa, ya zuba ganyen tsamiya fiye da kullum, ya cika baho. Muka fito da Yaya muka zaunar da ita a inuwa inda take hango ƙofar makewayi. Ta juya fuska gefe. Ya ce da ni in fita in tsaya daidai inda rariyar take a da. Ina fita na ji wani irin nishi da salati, ashe mutumin da ya rantse ba zai zauna cikin dauɗarsa ba ne ya shige bahon da wandonsa. Can na ji ya zare toshiya, bututu yana ƙugi.

Ya ɗaga murya ta kan katanga. "Sule, me ka gani?"

"Ba komai, sai kaza."

"Kazar ta jiƙe?"

"A bushe take."

"Mutane fa?"

"Wucewa suke yi, ba wanda ya waiwayo."

Na koma ciki na same shi tsaye a gaban Yaya, ruwa yana ɗiga daga wandonsa, ganyen tsamiya ya manne masa a gemu, fatarsa duk ta yi jawur don bai surka ba. Ta dube shi daga sama har ƙasa. Sannan ta ce, "To, ina ya je?"

Ya taka zuwa kusurwar nan ya buga ƙafa a ƙasa. Ya ce, "Nan. Daga yau ruwanki ba zai bar gidan nan ba. Na bi hanyarsa har kududdufi, Hajo, amma ban dubi idon mutanen da zai wuce ta gabansu ba. Ki yafe mini."

Ta sunkuyar da kai. Na zaci kuka za ta yi, sai na ga kafaɗunta suna rawa. Ta ce, "Malam, je ka sa riga, ka dahu." Da yammar ranar ta ce a ɗora ruwa.

Ba zan ce muku ta warke ba, sanyin ƙashi ba ya barin mutum. Amma ta tashi, ta koma girkinta, har ta taka da ƙafarta ta je barkar haihuwar jikar Iya Tabawa. Ita ta dasa lemun tsamin da kuke gani a kusurwar gidan, wanda duk rani bai taɓa yin yaushi ba. Malam Garba kuwa bai sake shiga bahon ba. In na tsokane shi yakan ce sau ɗaya ya isa ya tabbatar da ra'ayinsa a kan Turawa.

Ranar da ya rasu, bayan 'yar gajeriyar jinya, Liman ya zo a kan sandarsa ya ce a haƙa rami a bayan ɗaki saboda ruwan wanka, kamar yadda aka saba. Har an ɗauko fartanya, sai Yaya ta aiko daga ɗaki. Ta ce a gaya wa Liman kada a wahala, mai gidan ya riga ya haƙa. A cire ƙyauren ɗakinsa a ɗora a kan baho.

Haka muka yi. Ni nake zuba ruwa, Liman yana wankewa. Ruwan yana sauka ta gefen ƙyaure, ya taru a farin cikin bahon, ya bi ta hudar nan, ya ratsa gwiwar da maƙerin Hunƙuyi ya lanƙwasa. Ko ɗigo bai zuba a ƙasa ba, zaren rama da kitsen nan suna riƙe har ranar. Liman ya dakata yana sauraren ƙugin bututun, sannan ya ce a hankali, "To, Garba, wannan kam mun san inda zai je."

Na yi kewarsa ƙwarai. Har yau in na watsar da ruwa sai in tsaya ina jiran a tambaye ni. Allah ya jiƙan Malam Garba, ya rufa masa asiri kamar yadda ya rufa wa yayata. Allah ya sanyaya makwancinsa, ya sa inda ya je ya fi inda ya baro. Amin.